Cokalin Lorcan Devane

Laraba, 4 ga Nuwamba 1953, ƙarfe shida na safe

Ana ruwa. Na hura murhu, na ɗora buta, na zauna ina kallonta kamar ban taɓa ganin buta ba. A ragowar takardun tafireta nake wannan rubutu, don in ban rubuta wani abu ba zan fita titi in kama ihu.

Likita Quilty ya tafi jiya da yamma. Ni da shi muka ciccibi Yaya Lorcan daga gindin matakala inda ya faɗi muka kai shi gado. Ya yi mini bayani a bakin ƙofa da dogayen kalmomi, yana kallon hularsa. Ba zan rubuta su ba.

Yaya ne ya taɓa cewa a gaban mutane, "Quilty bai taɓa kashe kowa ba, rakiya kawai yake yi." Babu mashayar da ba a maimaita maganar nan ba a Dublin. Jiya na ga Quilty ɗin na goge masa baki da hankicinsa, a hankali, ɓangaren da ya karkace.

Alhamis, 5 ga Nuwamba, ƙarfe huɗu na yamma

Ya sha rabin kofin shayi, sauran rabin rigarsa ce ta sha. Idonsa lafiya lau, shi ne abin da ya fi ci mini rai. Ya bi ni da kallo daga ƙofa zuwa taga, ya buɗe baki, ya rufe. Na ce, "Yaya, kada ka matsa wa kanka." Ya harare ni. Hararar dai tana nan yadda take.

Asabar, 7 ga Nuwamba, ƙarfe goma na safe

Mista Hanratty ya zo, mai gidan wasan da ke bakin kogi, ruwa na ɗiga daga malafarsa. Shi ne Yaya ya ce yana son wasan kwaikwayo kamar yadda mahauci ke son saniya. Ya sa an rubuta maganar an rataye masa a ofis, don ya ɗauka yabo ne.

"Mis Devane, ina ja'irin yayan nan naki? Na manna takardu tun daga gada har tashar jirgi. Ran talatin ga wata za mu buɗe, amma har yau 'yan wasa na gwaji da wasan da ba shi da wutsiya. Ina fitowar ƙarshe?"

Na tare gindin matakala. Na ce maƙogwaro ne, likita ya hana shi magana, ya hana shi baƙi.

"Lorcan Devane babu magana? To me ya ce da aka gaya masa?"

Ya tsaya baki buɗe, ya riga ya shirya dariyarsa. Haka kowa ke tsayawa a gaban Yaya. Ban san daga ina ta fito ba, sai na ji bakina ya ce, "Cewa ya yi wannan ne karo na farko da likita ya duba mutum ɗaya, gari duka ya samu sauƙi."

Hanratty ya yi dariya har da dukan cinya. "Shege! Ashe yana nan da ransa. Ki gaya masa sati biyu na ba shi."

Da na rufe ƙofa sai na zauna a matakala ta uku. Daidai wurin da na tarar da shi.

Asabar, ƙarfe biyar na yamma

Bari in rubuta dalilina, ko don in ji ko yana da ƙafa.

Yaya ya fi tsoron tausayi a kan mutuwa. Rabin garin nan ya taɓa yanka da harshensa. In suka ji, za su yi layi da furanni su zo su ƙare masa kallo. Shi kuwa Hanratty zai ba wani ya ƙarasa wasan kafin shayinsa ya huce.

Yaya bai taɓa rubuta wasa da hannunsa ba. Kai-komo yake yi a ɗakin aiki, hannu a baya, yana faɗa ina bugawa. Shekara talatin da ɗaya, wasanni goma sha huɗu. Ya hana ni magana in yana aiki, wai muryata na korar masa 'yan wasa. Don haka muka koma cokali. In magana ta yi, na buga kofina sau ɗaya. In ba ta yi ba, sau biyu. Ya zage ni, ya zagi kofin, ya zagi uwar da ta haifi mai kofin, sannan ya cire maganar. Bai taɓa barin wadda na buga wa biyu ba. Ba wanda ya san wannan.

Sabon wasan labarin wani tsohon tela ne da ya mutu, maƙwabta suka taru zaman makoki suna shirga ƙarya a kansa. A ƙarshe kowa ya watse, aka bar ƙanwarsa Sabina ita da gawa. Nan muka tsaya. Ranar Talata yana saman matakala ya juyo ya ce, "Nuala, gobe zan gaya miki abin da Sabina za ta ce."

Litinin, 9 ga Nuwamba, ƙarfe ɗaya na rana

Misis Toolan ta gidan kusa ta tare ni ina ɗauko kwalaben madara.

"Nuala, baiwar Allah, kin ji sabuwar da yayanki ya saki? Ta likita? A wurin mahauci na jiyo, har Fadan cocinmu ya yi dariya. Kai, mutumin nan! Ko a kabari sai ya tsokani maƙwabcinsa."

Ta faɗa mini ita daga farko har ƙarshe, ta ɓata ta a tsakiya. Saura kaɗan in gyara mata.

Abin kunyar shi ne na ji daɗi. Na hawo bene ina jin daɗi, na tarar da shi ya jiƙe zanen gado.

Talata, 10 ga Nuwamba, da safe

Ana ruwa. Sati ɗaya.

Alhamis, 12 ga Nuwamba, ƙarfe uku na yamma

Shirun gidan ya ishe ni, na ɗauko wasan na zauna ina karanta masa. Ina cikin kashi na biyu, inda mai sayar da akwatin gawa ke yabon mamaci, sai na ji ƙwal. Na ɗaga kai. Cokalin shayi ne a hannunsa na hagu, ya buga kofin da ke kan tire.

Na ci gaba. Na zo kan wata magana da tun a watan Satumba nake shakkarta. Ƙwal, ƙwal.

Na ce, "Ai na gaya maka."

Ban gaya masa ba. Ɗaya na buga mata a lokacin, don ya gaji ranar, na tausaya masa. Ya kalle ni, na ga ya sani.

Na fita kicin na yi kukan da ban yi ba tun ran Talatar nan. Yana ciki. Duk yana nan ciki, ƙofa ce kawai ta rufe.

Lahadi, 15 ga Nuwamba, bayan coci

Na gaya masa komai, har da ƙaryar da na yi wa Hanratty. Na faɗa masa barkwancin likitan da na ƙirƙira da sunansa. Ya daɗe yana kallon rufin ɗaki. Sannan ƙwal, sau ɗaya.

Na ce, "To, Yaya, ni zan rubuta, kai ka riƙe cokali."

Bai buga komai ba. Na ɗauka ya yarda.

Talata, 17 ga Nuwamba, ƙarfe shida na yamma

Na hawo da tafireta ɗakinsa. Na san yadda yake ɗinka magana kamar yadda na san inda yake jefar da safa. Na sa Sabina ta ce wa gawar, "Ka yi kyau, Yaya, mutuwa ce riga ta farko da ta zauna maka daidai." Biyu. Na sa ta ce maƙwabta sun yi ta kuka don barasar ta ƙare. Biyu. Shafi huɗu na karanta masa, har kofin ya tsage a baki.

Shi ne mutumin da ya ce mai sukar wasa kamar mai gadin rijiya ne, bai haƙa ba, bai sha ba, amma ya san ruwan da ɗaci. Na tuna masa. Ya buga biyu.

Laraba, 18 ga Nuwamba

Biyu. Biyu. Biyu.

Juma'a, 20 ga Nuwamba, ƙarfe sha ɗaya na safe

Hanratty kuma. Yau babu dariya.

"Mis Devane, ni ba yaro ba ne. Maƙogwaro ba ya hana hannu rubutu. Mis Furlong da za ta fito a Sabina ta ce in ba ta ga takarda ran Litinin ba za ta kama jirgin ruwa ta tafi Landan. Bari in hau in gan shi, minti ɗaya."

Ya sa ƙafa a matakala ta farko. Na ce, "Ya ce in ka hawo zai ɗauka mutuwa ce ta zo, don ita kaɗai ke shigowa ba sallama kuma ba a gama aiki ba."

Ya janye ƙafar, ya ɗan murmusa. "Litinin," ya ce.

Ramin ƙarya ƙurarre ne, na sani. Ina jin bangonsa a kafaɗuna.

Asabar, 21 ga Nuwamba, ƙarfe huɗu na yamma

Ban san yadda zan rubuta wannan ba.

Tun safe nake karanta masa, tun safe yake buga biyu. Wajen ƙarfe biyu zuciya ta ɗebe ni. Na yi jifa da takardun. Na tsaya a kansa, mutumin da ko juyawa ba ya iyawa sai na juya shi, na buɗe baki.

Na ce, "Shekara talatin da ɗaya ina zaune bayan ƙarfen nan. Ka sa duk garin nan dariya, ni ka hana ni magana a ɗakin da nake sharewa. Da Colman ya zo neman aurena, magana ɗaya ka yi masa a kan teburi a kan kunnuwansa, kowa ya fashe da dariya, bai sake dawowa ba. Ni ma na yi dariyar, Allah ya yafe mini, don maganar ta yi. Na sha roƙon Allah ka yi shiru ko na yini ɗaya ne in ji abin da ke cikin kaina. To ga shi ka yi. Kuma ba na so. Tashi ka zage ni. Tashi mana!"

Na tsaya ina haki. Na ɗauka na kashe shi.

Ƙwal.

Na jira na biyun. Bai zo ba. Hawaye na bin ɓangaren fuskar da ba ya motsi, yana nuna mini tafireta da cokalin.

Na zauna na buga shi yadda na faɗa. Tafireta kawai na mayar keken ɗinki, Colman na canja masa suna.

Litinin, 23 ga Nuwamba, da rana

Na kai takardun da kaina. Mis Furlong ta karanta a tsaye, a bayan dandamali, da kwat ɗinta a jiki. Da ta gama ta ce, "Babu abin dariya ko ɗaya a ciki." Hanratty ya ce sai a ƙara. Ta ce, "Ka taɓa kalma ɗaya in karya maka hannu." Sai ta juyo ta kalle ni, ta daɗe.

Na dawo a ƙasa ta bakin ruwa. Yaya kan ce Allah ya wanke Ireland ya shanya ta, har yau ba ta bushe ba.

Alhamis, 26 ga Nuwamba, ƙarfe biyar na yamma

Na manta da abu ɗaya, ko kuma na ƙi tunawa. Ranar buɗe wasa, in labule ya sauka, 'yan kujerun sama sukan yi ta kiran marubuci har ya fito. Shi kuwa ya fito ya zage su, su tafi da zagin gida kamar tsaraba. Sau goma sha huɗu bai taɓa fashi ba. Wasu ma don wannan kaɗai suke zuwa.

Na ce zan aika da takarda Hanratty ya karanta. Biyu. Quilty ya ce, "Lorcan, in ka fita cikin sanyin nan ba ruwana." Biyu. Na ce, "To me za ka je yi? Su gan ka a haka?" Ya nuna kabad inda baƙar kwat ɗinsa take, ya yi ta nunawa har hannun ya gaji.

Yanzu yana iya taku shida da sanda. Mun ƙirga.

Lahadi, 29 ga Nuwamba

Na goge kwat. Na ɗinke hannun dama a bakin aljihu don kada ya yi ta reto. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Talata, 1 ga Disamba, ƙarfe bakwai na safe

Ana ruwa. Yana barci, ko yana yin kamar yana barci.

Mun shiga ta ƙofar baya, ni da Quilty muna riƙe da shi, na naɗe masa wuya da mayafin ulu har kan baki. Muka zaunar da shi a gefen dandamali inda 'yan kallo ba sa gani. Sun yi dariya a kashi na ɗaya da na biyu, yadda suka saba. Da aka bar Mis Furlong ita da gawa, gidan ya yi tsit. Na ji maganata na fita daga bakin wata, na ji wata mata a kujerun gaba ta fashe da kuka. Da ta ce "Tashi ka zage ni," ko tari ba wanda ya yi. Na riƙe igiyar labule.

Sai tafi. Sai kira. "Devane! Devane! A fito da shi!"

Ya miƙe. Taku shida, na ƙirga su, har teburin makoki da ke tsakiyar dandamali. Ya jingina da shi, ya ajiye sanda. Suka yi shiru suna jira, baki buɗe.

Wani daga sama ya ce, "Lorcan, yau bakin ya mutu ne?" Wani ya ce, "Zage mu mana, matana na jira a gida!"

Ya sa hannun hagu a aljihu. Ban san ya ɗauko cokalin ba. Ya buga ɗaya daga kofunan da ke kan teburin, sau ɗaya, har can sama aka ji. Sannan ya juyo ya miƙa cokalin wajena.

Gidan ya kece da dariya. "Shayi yake so! A kawo wa bawan Allah shayi!" Suka yi ta buga ƙafa, sun ɗauka sabon salon zagi ne. Shi kuwa bai sauke hannu ba. Yana kallona. Mis Furlong ta ce ƙasa-ƙasa, "Fito mana, Nuala."

Taku shida ne. Shi ya yi su da ƙafa ɗaya. Ni da nake da biyu na tsaya a bayan labule ina riƙe da igiya, ina tunanin wai takalmina ya jiƙe. Har Hanratty ya sa aka saki labule.

A mota ya juya fuska wajen taga har muka iso gida.

Laraba, 2 ga Disamba, da hantsi

Jarida ta ce, "Bayan shekara talatin yana nuna mana harshe, a ƙarshe Devane ya nuna yana da zuciya." Ta ce zancen cokalin ya fi duk jawaban da ya taɓa yi. Na karanta masa. Na ajiye cokali kusa da hannunsa. Bai ɗauka ba.

Alhamis, 3 ga Disamba

Tari. Zazzaɓi. Quilty ya zo sau biyu, bai ce "na gaya muku" ba. Na ce, "Yaya, ka yi haƙuri, kunya ce." Bai ɗauka ba.

Asabar, 5 ga Disamba, da safe

Ya cika jiya, ƙarfe uku da minti ashirin na yamma. Na buɗe taga, na tsayar da agogo, Misis Toolan ta rufe madubi, yadda ake yi in an yi mutuwa. Gidan cike yake da mutanen da ya zaga, suna shan shayina suna maimaita maganganunsa. Biyu daga ciki nawa ne.

Talata, 8 ga Disamba, ƙarfe huɗu na yamma

Jiya muka kai shi. An yi ruwa.

Ɗazu Hanratty ya zo, malafa a hannu. Na ba shi shayi a kicin. Ya ce jarida na son maganar Yaya ta ƙarshe, duk gari na jira.

Ina da ita. Ran Lahadi ina wanke kofuna ta zo mini da kanta: "Ku ce wa Quilty ya koma, na san hanya daga nan." Ta yi. Na san ta yi. Da za a yi shekara hamsin ana faɗarta, kuma ba wanda zai taɓa sani.

Ya ciro fensir, ya shirya dariyarsa.

Na ce, "Rubuta. 'Nuala, gobe zan gaya miki abin da Sabina za ta ce.' Ranar uku ga Nuwamba, a saman matakala. Daga nan ɓarin jikinsa ya shanye, bai sake furta kalma ɗaya ba."

Fensirin ya tsaya. Na ga yana ƙirga kwanaki da yatsu a kan teburi.

"Amma... zancen likita fa? Da na mutuwa mai shigowa ba sallama? Mis Devane, fitowar ƙarshe. Wa ya rubuta ta?"

Na ce, "Ni ce. Shi ma ya gaya muku, kuka ce shayi yake so."

Bai yi dariya ba. Ya rubuta, ya tambaye ni yadda nake so a sa sunana.

Da ya fita na tsaya a gindin matakala ina saurare. Na san ɗaya zai buga. So dai na yi in ji.